Yadda Na Yi Digiri a Berea, Kwalejin Kiristoci da Ba Ta Karɓar Kuɗin Karatu

A jihar Kentucky ta ƙasar Amurka, kimanin mil 40 kudu da birnin Lexington, akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Berea, a tsakiyarsa kuma akwai kwaleji mai wannan sunan. Ɗalibanta ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba. Tun shekarar 1892 ba ta karɓi kuɗin karatu daga hannun ɗalibi ba. Kiristoci ne suka kafa ta, har gobe kuma ba ta ɓoye wannan asali nata. Ni Musulmi ne, haifaffen Funtuwa, mahaifina hatsi yake sayarwa a kasuwa, a Berea kuma na yi digirina na farko a fannin kimiyyar sinadarai. Tun da na dawo gida ake tambayata yadda aka yi, shi ya sa na ga ya dace in warware zancen daga tushe.

Malaminmu na Ingilishi a sakandare ne ya fara ambata mini sunanta, bayan sakamakon WAEC ya fito. Ya san halin gidanmu. Ya ce, "Akwai wata makaranta da ba ta ɗaukar ɗan mai kuɗi, komai ƙoƙarinsa. Je ka bincika." Da na je cibiyar EducationUSA a Abuja, inda ake ba masu son karatu a Amurka shawara, aka tabbatar mini haka ne. Sharuɗɗan Berea biyu ne: ka kasance mai ƙwazo, kuma ya tabbata iyayenka ba su da halin biya maka. Daga ƙasashen waje kimanin mutum 30 take ɗauka a shekara, masu nema kuwa ba a magana.

Cike takardun ya ɗauke ni watanni. Akwai sakamakon makaranta na duk shekarun babbar sakandare, da jarrabawar gwada Ingilishi, wadda sai da na je wani gari na rubuta, da wasiƙun shaida daga malamai, da dogon rubutu a kan rayuwarka da abin da kake son yi da karatun. Wanda ya fi ba ni aiki shi ne fom ɗin bayanin samun gida. Ana tambayar abin da maigida yake samu a shekara, da yawan bakin da yake ciyarwa, da abin da ya mallaka. Baba ba ma'aikaci ba ne, balle a ce ga takardar albashi. Sai muka zauna da daddare bayan isha'i, ya ɗauko littafin cinikinsa, muna bin buhu bayan buhu, ribar masara daban, ta dawa daban, har muka fitar da lissafi. A daren na fara sanin da ɗan abin da ake riƙe gidanmu, da yadda yake jure wa bai taɓa nuna mana ba. Bayan haka aka nemi wani wanda ya san mu amma ba ɗan'uwa ba ya shaida gaskiyar abin da muka rubuta, shugaban makarantarmu ya sa hannu.

Da saƙon ɗauka ya zo, murnar gidan ba ta kai yamma ba sai shawara ta tashi. Kawu, ƙanen Baba, shi ya fara magana. "Yaya, ka binciki abin nan da kyau. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da ba su san shi ba, ba addininmu ɗaya ba, su ce za su koyar da shi shekara huɗu kyauta?" Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya ji labarin makarantun mishan na da, da yadda iyaye suka riƙa ɓoye 'ya'yansu don tsoron kada su dawo da wani addini. Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "To, kai me suke so a wurinka?" Abin da na iya faɗa masa a lokacin shi ne sun rubuta cewa kowane ɗalibi sai ya yi aiki, kuma ba sa tilasta wa kowa shiga coci. Ya je ya yi shawara da malaminsa, ya dawo ya ce in tafi, amma in riƙe sallata, in kuma riƙa faɗa masa gaskiyar abin da na gani. Akwai kuɗin ajiya da ake nema daga ɗalibin waje kafin ya zo, ya ɗan haura dala 2,000. Baba ya sayar da hatsin da ya ajiye don bazara, Inna ta kawo kuɗin adashinta, Kawu da ya fi kowa shakka shi ya cike ragowar. Daga nan kwalejin ta aiko da takardar I-20, wadda ɗalibin waje yake neman biza da ita, na biya kuɗin rajista, na je hira a ofishin jakadanci, aka ba ni biza.

A watan Agusta na isa. Cikin makon farko aka ba kowannenmu kwamfutar tafi-da-gidanka, aka nuna mana ɗakin kwana, sannan aka miƙa wa kowa takardar inda zai yi aiki. Ni ɗakin cin abinci aka kai ni, wajen injin wanke kwanuka.

A nan ya kamata in tsaya in yi bayani, domin aikin nan shi ne ƙashin bayan makarantar. Kowane ɗalibi, ba a ware kowa ba, sai ya yi aƙalla awa 10 a mako. Ɗan shekarar farko ba ya zaɓa, inda aka tura shi nan zai tafi. Ɗalibai ne ke share azuzuwa da wanke banɗaki, su ke kiwon shanu da aladu a gonar kwalejin, su ke gyaran kwamfutoci, su ke tarbar baƙi a Boone Tavern, otal ɗin kwalejin da aka gina a 1909, su ke jera littattafai a laburare. Ana biyan ɗan abin da zai ishe ka sabulu da littafi. Akwai mai kula da aikinka wanda yake auna ka duk zango kamar yadda malami yake ba da maki, wanda kuwa ya riƙa wasa da aiki ana iya dakatar da shi daga makaranta daidai da wanda ya faɗi jarrabawa. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne almajirin da yake noma gonar malaminsa da damina yana karatu da dare, sai dai a nan ana rubuta kowace awa, ana biya, ana kuma ƙara maka girma idan ka nuna hali.

Da na faɗa wa Inna aikin da nake yi, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Wanke-wanke kuma? Namiji?" A gidanmu ko cokali ban taɓa wankewa ba, akwai 'yan mata. Na ce mata wanda yake tsaye kusa da ni yana goge tire shi ne ya fi kowa lissafi a ajinmu, wadda take kwashe shara kuma likita take son zama. Amfanin tsarin ke nan a ganina. Da a ce wasu na biya wasu na aiki, da mai aikin ya zama bawan mai biya, ko da ba a furta ba. Da yake kowa na yi, babu mai ɗaga wa wani hanci. Wanda ya zubar da miya a tebur ya san abokinsa ne zai goge, sai ya goge da kansa. Ban taɓa jin ina cin sadaka a Berea ba, kuma na san awannin nan goma ne suka hana ni jin haka.

Karatun kansa ya zo mini da nasa sabon salon. Na taho da niyyar in shiga ɗakin gwaji in rufe ƙofa sai bayan shekara huɗu, yadda aka saba a jami'o'inmu, inda tun ranar da ka cike fom ɗin JAMB an san layinka. A Berea ba a yarda ka tabbatar da fanninka ba sai wajen ƙarshen shekara ta biyu. Kafin nan, da ma bayan nan, dole ka ɗanɗana tarihi, da adabi, da fasahar zane ko kiɗa, da ilimin zamantakewa, da addini, da lissafi. Har iyo sai da aka gwada mu, wanda bai iya ba ya shiga aji ya koya. Hujjarsu ita ce mutum suke son ginawa, wanda zai iya tunani da rubutu da muhawara a kan abin da ba sana'arsa ba. Aji ba ya cika wuce mutum 20, wani lokaci bai kai 12 ba, don haka babu wurin ɓuya. Farfesa ta san sunanka tun mako na biyu, idan ba ka karanta abin da aka bayar ba za a gane da tambaya ɗaya. Rubutuna na farko ya dawo da tambayoyi cike da gefen takarda: me ya sa ka ce haka, ina hujjarka, kai me ka gani? Mu da aka horar a kan haddace abin da littafi ya ce mu mayar, wannan "kai me ka gani" ta fi kowace jarrabawa wuya.

A zango na biyu akwai kwas ɗin rubutu da duk ɗan shekarar farko yake yi, wanda ya shafi launin fata da asali da talauci a Amurka, aka kuma gina shi a kan tarihin kwalejin. An tura mu sashen tsoffin takardu na laburaren Hutchins mu karanta wasiƙu da rahotanni da idonmu. A can na samo amsar tambayar Baba.

Wanda ya kafa makarantar sunansa John G. Fee, an haife shi a 1816 a Kentucky, a gidan masu bayi. Ya je karatun limanci a makarantar Lane da ke Cincinnati, ya dawo da yaƙinin cewa mallakar ɗan Adam zunubi ne, kuma cocin da ta yarda da shi ta saɓa wa Linjila. Mahaifinsa ya cire shi daga gado. Ya riƙa wa'azi a jihar da bauta take halal a doka, aka sha tare shi a hanya ana dukansa. Wani attajiri ɗan siyasa mai adawa da bauta, Cassius Clay, ya ba shi fili a gundumar Madison, Fee ya sa wa wurin suna Berea, sunan wani gari da aka ambata a littafin Ayyukan Manzanni. A 1855 aka buɗe makaranta mai ɗaki ɗaya, ranar Lahadi kuma ɗakin ya zama coci. Burinsa shi ne ta zama wa Kentucky abin da kwalejin Oberlin ta zama wa jihar Ohio, wato wurin da baƙi da farare, maza da mata, za su zauna a aji ɗaya. Tsarin mulkin da suka rubuta wa makarantar a 1859 ya ce za ta kasance ƙarƙashin tasirin Kiristanci zalla, saboda haka kuma tana adawa da ɓangarancin ɗariƙu, da riƙon bayi, da fifita wani jinsi a kan wani. Wannan "saboda haka" ita ta tsaya mini a rai. A wurinsu adawa da wariya daga cikin addinin ta fito.

Ba su daɗe ba. A watan Oktoban 1859 wani mai adawa da bauta, John Brown, ya kai hari a garin Harpers Ferry da nufin tayar da bayi, kudancin ƙasar ya ɗauki zafi. Cikin Disamba mutane kimanin 60 ɗauke da makamai suka zo Berea suka ba malamai da iyalansu kwana 10 su bar jihar. Suka fita. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu riƙon bayi. Fee ya koma aiki a sansanin Camp Nelson, inda dubban bayi suka gudu suka shiga sojan Arewa, yana koyar da su da matansu da 'ya'yansu. Da yaƙi ya ƙare, da yawa daga cikin waɗannan mutane suka biyo shi Berea. A shekarar karatu ta 1866 zuwa 1867 ɗalibai 187 ne, 96 baƙaƙe, 91 farare. A kudancin ƙasar, shekara ɗaya da ƙare yaƙin da aka yi a kan bauta! An fara ajin kwaleji sosai a 1869, aka ba da digirin farko a 1873. Kusan shekara 30 aka yi ana tafiya rabi da rabi. Cikin waɗanda suka fito daga nan akwai Carter G. Woodson, ɗan tsofaffin bayi wanda ya yi aikin haƙar kwal kafin ya samu karatu. Ya gama Berea a 1903, ya yi digirin digirgir a Harvard a 1912, shi ne kuma ya fara makon tarihin baƙar fata a 1926, wanda ya zama wata guda da ake yi duk Fabrairu.

Abin da ya ƙara mini ganin girman makarantar shi ne ba a ɓoye mana ɓangaren da ba shi da daɗin ji ba. William Goodell Frost, wanda ya shugabanci kwalejin daga 1892 zuwa 1920, ya juya akalarta zuwa ga talakawan farare na tsaunukan Appalachia, domin masu ba da gudummawa a Arewa sun fara gajiya da batun baƙar fata. Ya tara kuɗi, ya faɗaɗa makarantar, amma kason baƙaƙen ɗalibai ya yi ta raguwa a zamaninsa. Fee ya ga haka kafin ya rasu a 1901, bai kuma ji daɗi ba. Sai a 1904 majalisar jihar ta zartar da dokar da wani ɗan majalisa mai suna Carl Day ya kawo, wadda ta haramta koyar da baƙi da farare a makaranta ɗaya. Berea kaɗai ce take haka a jihar, kowa ya san ita aka nufa. Aka ci ta tarar dala 1,000, ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, a 1908 kotun ta goyi bayan jihar. Mai shari'a John Marshall Harlan, shi ma ɗan Kentucky ne, ya rubuta ra'ayin adawa mai zafi. Kwalejin ta ware kuɗi ta taimaka aka kafa Lincoln Institute kusa da Louisville, aka buɗe ta a 1912 domin baƙaƙen ɗalibai. Shekara 46 babu baƙar fata a azuzuwan Berea, sai da aka sassauta dokar a 1950 ta sake buɗe musu ƙofa.

Mun yi muhawara mai zafi a aji a kan wannan. Wata ɗaliba baƙar fata daga Alabama ta ce da sun rufe makarantar gaba ɗaya da ya fi musu mutunci a kan su sallami wasu daga cikin 'ya'yansu. Wani ɗan gabashin Kentucky ya ce da an rufe, kakansa da bai taɓa ganin aji ba. Farfesa ba ta raba gardamar ba, ta ce kowa ya je ya rubuta matsayinsa da hujja. Ni na rubuta cewa laifin doka na jihar ne, amma sanyin gwiwar ya fara tun kafin dokar, lokacin da neman kuɗi ya fara gaya wa makarantar wanda za ta fi so. Har yau a nan na tsaya.

A ƙarshen makon na kira Baba. Na ce, "Baba, na gano abin da suke so." Na ba shi labarin Fee, da dukan da ya sha, da gadon da ya rasa. Na faɗa masa taken makarantar, wanda aka ɗauko daga Ayyukan Manzanni 17:26, cewa Allah ya yi dukan al'ummomin duniya daga jini ɗaya. Ya ce, "Ai mu ma muna da ita a Hujurati," ya karanto ayar da Allah yake cewa ya halicce mu daga namiji da mace, ya sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna. Na ce masa mutanen nan alkawari ne suka ɗauka wa Ubangijinsu tun kafin a haifi kakansa, ni kuwa ina cikin waɗanda ake cika alkawarin a kansu. Ya ce in gaya wa Kawu da bakina, na gaya masa.

Maganar ibada kuwa, ga yadda na same ta. Kwalejin ba ta ƙarƙashin kowace ɗariƙar Kirista. Akwai limaman coci da take ɗauka aiki, akwai majami'ar Danforth a jikin ginin Draper inda masu so suke taruwa, amma ba a ɗaukar sunan wanda ya je da wanda bai je ba. Mu Musulmi ba mu da yawa, daga Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, muna da ƙungiyarmu da wurin da muke salla. Idan Idi ya zo mukan haɗa mota mu tafi Lexington. Da azumi ya kama, na gaya wa mai kula da aikina, wata dattijuwa Kirista 'yar garin, ta sauya mini lokaci daga gaban injin mai tururi zuwa jeran kwanuka da safe, ta kuma riƙa tambayata ƙarfe nawa ake shan ruwa don ta ajiye mini abinci. Abin da aka wajabta wa kowa shi ne taron da ake yi ranar Alhamis a babban zauren Phelps Stokes, wanda ɗalibai suka gina da hannunsu a farkon ƙarni na 20. Sau 7 ake so ka halarta a zango. Ba wa'azi ake yi ba. Yau masanin kimiyya ne, gobe marubuci, wani makon makaɗa daga wata ƙasa.

Kwas ɗaya ne na shiga da ɗar-ɗar, wanda aka wajabta a shekara ta uku a kan fahimtar Kiristanci. Sai na tarar tarihi ake koyarwa da nazari: yadda aka tattara littattafan Baibul, taron Nikiya na shekarar 325 da gardamar da aka yi a kan matsayin Annabi Isa, rabuwar cocin gabas da ta yamma a 1054, boren Martin Luther na 1517, da yadda masu bayi da masu yaƙi da bauta suka riƙa jan hujja daga littafi ɗaya. Wasu abokaina Kiristoci sun fi ni shan wuya a ajin, domin an taɓo abubuwan da ba a taɓa gaya musu a cocinsu ba. Ni na rubuta takardata a kan labarin haihuwar Annabi Isa a Suratu Maryam da a Linjilar Luka, inda suka haɗu da inda suka rabu. Don in rubuta ta sai da na koma tafsiri na karanta fiye da yadda na taɓa yi a gida. Farfesan ya nemi in gabatar a gaban aji, yawancinsu ranar suka fara jin akwai sura sukutum mai sunan Maryam a Alƙur'ani. Babu wanda ya taɓa ce mini in bar addinina, ko da wasa. Na fito daga ajin na san maƙwabcina Kirista fiye da da, abin da kuma nake ganin muna matuƙar buƙata a Kaduna da Jos.

Tun shekara ta biyu na samu damar zaɓen aiki, na nemi shagon tsintsiya. Kwalejin tana da sashen sana'ar hannu tun shekarun 1890, lokacin da iyalan tsauni suke kawo bargunan saƙa a madadin kuɗin hidimar 'ya'yansu, daga baya aka ƙara sassaƙa, da tukwane, da tsintsiya. Ranar da na shiga shagon na ɗauki damin abin da ake ɗaurawa, sai na ga ai dangin dawa ce, wata iri mai dogon kai da ake nomawa don tsintsiya kawai. Ɗan mai hatsi ba ya ɓata wannan. A shagon na yi abokai na gaske, 'ya'yan masu haƙar kwal daga gabashin Kentucky da West Virginia, waɗanda ramukan garinsu suka rufe, ƙwaya ta cinye musu 'yan'uwa, yawancinsu su ne na farko a danginsu da suka taka kwaleji. Kafin in je ban san akwai farar fatar da take kwana da yunwa a Amurka ba. Muna ɗaurin tsintsiya suna ba ni labarin kakanninsu, ina ba su na kasuwar Funtuwa. Duk Oktoba kuma akwai ranar da ake rufe azuzuwa a hau tsaunin da ke dajin kwalejin tun asuba, al'adar da ta faro tun 1875.

Ana yawan tambayata ina kuɗin yake fitowa. Kwalejin tana da asusun jari da ya haura dala biliyan 1, ribarsa ce take ɗaukar mafi yawan nauyin karatun. Tushensa shawarar da amintattun makarantar suka yanke a 1920, cewa duk wasiyyar da aka bar mata ba tare da sharaɗi ba a zuba ta a jari, kada a taɓa uwar kuɗin. Ragowar kuma daga gudummawar shekara-shekara take zuwa, da tallafin da gwamnati take ba ɗalibai 'yan ƙasa. Da yawa daga masu bayarwa ba su taɓa karatu a can ba, wasu ko garin ba su taɓa gani ba. Mu masu wakafi a addininmu, ya kamata attajiranmu su dubi yadda haƙurin shekara 100 ya mayar da wasiyyoyin mutane makarantar da ba ta roƙon ɗalibi ko sisi.

Shekarar ƙarshe na koma ɗakin gwaji da aiki, ina taimaka wa 'yan shekarar farko da haɗa sinadarai da duba rahotanninsu. A sashen namu ana yawan ambaton John Fenn, wanda ya gama Berea a 1937 ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2002, don a nuna wa yara cewa ƙanƙantar makaranta ba ta rage musu komai ba. Na yi binciken kammalawa, na yi kwas ɗin ƙarshe da ake haɗa ɗaliban fannoni daban-daban a kan wata matsalar duniya, mu namu a kan abinci da yunwa ne. Da na gama aka ba ni takardu biyu: ɗaya ta makin karatu, ɗaya ta aiki, mai ɗauke da duk inda na yi hidima, da matsayin da na kai, da abin da masu kula da ni suka shaida. Ban bar makarantar da bashin kuɗin karatu ba.

Da na dawo na nemi aiki a wani kamfanin sarrafa abinci a Kano, manajan ya duba takardar makin sama-sama ya ajiye, ya ɗauki ta biyun ya daɗe a kanta. Ya tambaye ni yadda ake tafiyar da injin wanke kwanuka na mutum sama da dubu, da yadda na bi da yaran da ba sa zuwa aiki a kan lokaci sa'ad da nake shugaban rukuni a shagon tsintsiya. Na ba shi amsa. Ya ce in zo ranar Litinin in fara a sashen duba ingancin kaya.